Wa Ke Gaya wa Makaɗi Kiɗa Ya Nuna?

A watan Afrilun bara, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke hana mutum runtsawa sai dare ya raba, na kwana uku ina jin kiɗa guda ta bayan bango. Ɗan kawuna ne, yaro ɗan shekara ashirin da biyu, a ɗakinsa na zaure can Badariya. An ba shi aikin kiɗan cashiya na bikin ƙanwar wani abokinsa da za a yi a Argungu, ya karɓi kafin alƙalami, ya kuma riga ya cinye. Ranar ta huɗu na leƙa na same shi zaune gaban kwamfuta, idanu sun yi jajir. A allon akwai fayil goma sha tara na kiɗa ɗaya. Wani ya sa masa suna "na ƙarshe", na ƙasansa "na ƙarshe na gaske", na ƙasan wannan kuma "na ƙarshe wallahi".

Ya ce, "Yaya, don Allah saurara ka hwaɗa min wane yaf fi. Ni dai na bar ji."

Ni ba makaɗi ba ne, manhaja nake rubutawa, don haka abin da ya fara zo mini shi ne lissafi. Guntun da yake ta juyawa, wanda yaran situdiyo ke kira lup, bugu 32 ne, a gudun bugu 120 cikin minti. Daƙiƙa 16 ke nan. A awa guda zai zagayo sau 225. Idan ya zauna awa huɗu, ya ji shi sau 900. A dare uku ya haura sau dubu biyu da ɗari biyar. Amaryar da aka yi kiɗan dominta, in ta ji shi sau goma a rayuwarta, to ta ji da yawa.

Wannan ciwo, na mutum ya saurari aikinsa har kunnensa ya mutu a kai, sabo ne fil a ƙasar Kabi, ko da yake kiɗa a nan ya tsufa ƙwarai. Tun zamanin Kanta da birninsa na Surame a ƙarni na 16 ake buga tambari a fadar Kabi. Mayaƙan jihadi sun ci Birnin Kebbi a 1805, Kabawa suka koma suka kafa a Argungu, kiɗa bai tsaya ba. A duk tsawon waɗannan ƙarnoni, makaɗi bai taɓa zama ya ji kansa ba, don ba abin da zai riƙe masa sautin. Da ya ɗaga hannu daga fatar ganga, kiɗan ya tafi. In yana son ya sake ji, sai ya sake bugawa da hannunsa da ƙarfinsa, kuma gajiyar jiki za ta tsayar da shi tun kafin kunne ya gaji.

Sai dai abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda aka raba aikin. Dubi ƙungiyar makaɗin fada irin ta Ibrahim Narambaɗa a Isa, ko Salihu Jankiɗi a Sakkwato, ko Musa Ɗanƙwairo na Maradun, ko Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani, waɗanda mutanen Argungu da Yawuri suka san su sarai. Akwai jagora mai bakin waƙa. Akwai masu riƙe da kotso ko taushi. Akwai 'yan amshi. Akwai sanƙira mai shela da kirari, wanda idonsa ke kan jama'a da kan hannun mai kyauta. Masana waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun nuna yadda waƙar ke tsayuwa a kan gindi, wato amshin da ake komawa gare shi, sannan a riƙa ɗora mata ɗiya ɗaya bayan ɗaya. Gindin waƙa maimaici ne, kamar dai lup. Bambancin shi ne mutane ne ke ɗauke da shi a bakinsu. Idan jagora ya kawo ɗan da bai zauna ba, a amshi zai ji: muryoyi su yi sanyi, karɓin ya zo a makare. Ba sai an ce masa komai ba. Wani lokaci ma 'yan amshin ne ke ƙarasa masa zancen da ya ɗauko. Kunnuwa shida ko takwas ne ke tace waƙar tun tana ɗanya, kowane daga inda yake tsaye.

Bayan su kuma ga alƙali na gaba, wanda ba a ɗaukaka ƙara bayan hukuncinsa. A fada, fuskar sarki ce da motsin fadawa. A kiɗan sana'a kuwa jikin mai sana'ar ne. Kalangu na mahauta da 'yan dambe, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma a gayya. Mai kiɗan dambe ba ya buƙatar tambayar kowa ko kiɗinsa ya yi. In ya buga taken ɗan dambe, ko dai mutumin ya zabura yana tsuma ya shigo fage, ko ya ci gaba da zamansa. Wanda ya taɓa zuwa Matan Fada ranar su ya ga irin wannan: makaɗa cikin kwalekwale suna bugawa, dubban masunta da homa da gora suna jiran a ba da alama su afka ruwa. Bikin ya samo sigarsa ta yanzu ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada a 2016. Makaɗin da ke cikin wancan kwalekwale ba shi da lokacin shakka. Amsar kiɗinsa tana gabansa, tsirara, jiƙe da ruwa.

Kada a ɗauka ina cewa makaɗan da ba su gyara waƙa. Suna gyarawa, har ma fiye da na yanzu. Waƙa guda takan shekara ashirin a bakin makaɗi tana sauyawa, a cire ɗa, a ƙara ɗa, a sa sunan wanda ya yi kyauta jiya, a zare na wanda aka tuɓe. Amma tsakanin gyara da gyara akwai kwanaki, akwai tafiya a kan hanya, akwai sallah zuwa sallah. Kullum da hutaccen kunne ake dawowa kanta. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya shahara da ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a. Shi ma abin da ya tsira daga bakinsa zuwa wasa na gaba shi ne abin da mutane suka karɓa.

Na'urar ɗaukar murya ce ta fara ba makaɗi damar jin kansa daga waje. Edison ya ƙera tasa a 1877, ta iso mana a matsayin garmaho, da faifan da fuskarsa guda ba ta wuce kamar minti uku ba. Waƙar da ake kwana ana yi sai an matse ta ta shiga ciki. Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, daga baya aka samu Rima Rediyo a Sakkwato, wanda shi ne namu har zuwa 1991 da aka yanke Jihar Kebbi. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuma cikin shekarun 1970 da 1980 rakoda ta shiga kusan kowane shago da kowace tasha. Duk da haka ɗaukar ta wancan zamani ba ta canza aikin makaɗi sosai ba. A tara ƙungiya gaban makirfo, a ce bismillah, a yi daga farko har ƙarshe. In an yi kuskure babba a sake gaba ɗaya, in ƙarami ne a bar shi. Shi ya sa a tsofaffin kaset ɗin nan za ka ji tari, ka ji guɗa, ka ji wani ya shigo amshi kafin lokaci. Tef yana da tsada, ma'aikacin rediyo yana da wani aikin, makaɗi kuma yana da biki da ke jiransa.

Ko da kiɗan lantarki ya fara shigowa yankinmu, da wannan ƙa'idar ya zo. A Yamai, a 1978, Mamman Sani ya shiga gidan rediyon ƙasar Nijar da wata molon lantarki mai maɓallai ƙirar Italiya, samfurin Orla, ya ɗauki kiɗan da mutanen Nijar suka shekara da shekaru suna ji a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi duniya ta ji. Mutum ɗaya ne da na'ura ɗaya, kamar ɗan kawuna. Amma abin da yatsunsa suka taɓa shi tef ya riƙe, ba shi da hanyar komawa ya ɗaga sauti guda ya ajiye shi gefe da faɗin gashi.

A Kano, bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990, harkar finafinan bidiyo ta buɗe wa kiɗan fiyano ƙofa. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 situdiyoyi sun koma kan fiyanon Yamaha jerin PSR, mai ɗauke da sautukan da suka yi kama da sarewa da ganga, kuma waƙoƙin Sangaya na 1999 suka nuna wa kowa cewa nan kasuwa ta nufa. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan wannan juyi. A nan ne mutum guda ya fara maye gurbin masu kotso da masu kalangu baki ɗaya. To amma situdiyon Kano ɗaki ne mai cunkoso. Ga mai rubuta waƙa, ga mai rerawa, ga zabiyar da za ta hau muryar mace, ga furodusa yana kallon agogo saboda kuɗinsa ke tafiya, ga wasu a waje kan benci suna jiran layinsu. Ana iya kushe waƙoƙin nanaye ta fuskoki da dama, ni ma ina da nawa ƙorafin, amma ba a taɓa zarginsu da rashin ƙarewa ba. Layin da ke waje shi ke rufe aiki.

Abin da ya kwashe sauran mutanen daga ɗakin shi ne manhaja. Wani kamfani a Beljiyam mai suna Image-Line ya fitar da FruityLoops a ƙarshen shekarun 1990, aka sauya masa suna zuwa FL Studio a 2003. Auto-Tune, mai gyara karkatar murya, ya fito a 1997. Da tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka suka yi araha, sai situdiyo ya koma jakar goyo. Yau yaro a Gesse ko Rafin Atiku shi ne jagora, shi ne mai ganga, shi ne ɗan amshi, shi ne injiniyan sauti, shi ne kuma sarkin da ake yi wa waƙar. Ba tef da zai ƙare, ba wanda ke jira a benci. Sauran birki guda da ya rage shi ne ɗauke wuta, kuma ba da wasa nake ba: shekarun baya, batirin kwamfuta ne ke tilasta wa yaran nan hutu. Ɗan kawuna ya sa sola a bara. Tun daga nan ba abin da ke tashinsa daga kujera sai kiran salla, shi ma wani lokaci sai an buga masa ƙofa.

Me ke faruwa da kunnen da ya ji abu sau dubu? Na farko na jiki ne. Dogon sauraro da ƙarfi yana dusashe ji na ɗan lokaci, musamman a sautuka masu kaifi, wajen zagaye 4,000 a daƙiƙa. Mai kiɗa sai ya ji aikinsa ya yi dishi-dishi, ya ƙara masa kaifi, ya ƙara murya, gobe da safe ya kunna ya ji kamar ana yayyafa masa tsakuwa a kunne. Tun 1933 wasu masu bincike biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin kauri da kaifi daidai a kowane mataki na ƙara: in ka ƙure murya, kaurin kiɗa zai cika maka kunne, in ka rage sai ya zube. Wanda ya haɗa kiɗansa a ƙure da abin sawa a kunne, ya gina shi ne don yanayin da mai sauraro a waya ba zai taɓa samu ba. Akwai kuma haɗarin da ba ya warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sauraro mai aminci ga babba a desibel 80 na awa 40 a mako, kuma kowane ƙarin desibel uku yana raba wannan lokaci biyu. Yaron da ke ƙure iyafis don ya danne ƙarar janaretan maƙwabta yana cinye rabonsa na mako a zama ɗaya.

Na biyu ya fi wayo, don ba ya ciwo. Sabo yana sa so. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Robert Zajonc, ya nuna a 1968 cewa yawan haɗuwa da abu kaɗai yana sa mutum ya ƙara ƙaunarsa. Kuskuren da ka ji sau ɗari biyar ya zama ɗan gida, in an cire shi sai ka ji kamar an ɓata kiɗan. Can gaba kuma abin ya juye ya zama gundura, sai ka fara tsanar abin da ba shi da laifi. A nan ne ake ta lafta kaya: a ƙara sarewa, a ƙara tafi, a ƙara wata ƙararrawa, duk don mai kiɗa ya sake jin ɗanɗanon da ya ji a daren farko. Da na jera fayilolin nan goma sha tara na saurara, abin da na ji ke nan. Na uku yana numfashi. Na sha tara kamar kasuwar Kamba ranar da ta ci.

Waɗanda suka fara kiɗan rawa na lantarki sun san wannan tarko, kuma hanyar da suka bi ta kuɓuta ba ta da nisa da ta makaɗanmu. A Detroit, kamfanin Motown na Berry Gordy yana da zaman safiyar Juma'a, inda ma'aikata ke sauraron sababbin waƙoƙi su yanke wadda za ta fita, kuma injiniyoyinsa kan gwada sauti a ƙaramar lasifika irin ta rediyon mota. A Chicago na shekarun 1980, samari masu na'urorin Roland kan kai kaset ɗinsu ɗanye wurin DJ ya gwada a filin rawa. DJ Pierre ya sha ba da labarin yadda Ron Hardy ya sa kiɗansu, wanda ya fito a 1987 da sunan Acid Tracks, har sau huɗu a dare guda: da farko mutane suka ja da baya, a na huɗu wuri ya kacame. Labarin yana da kaifi biyu, na sani. Yana nuna jama'a ce ke yanke hukunci, yana kuma nuna ita ma jama'ar maimaici na iya sauya mata ra'ayi. Amma sau huɗu ne a kunnen mutum ɗari, ba sau dubu a kunnen mutum guda ba.

A sana'armu ta manhaja mun daɗe da sallamawa cewa wanda ya rubuta ba ya ganin kuskurensa. Ba a shigar da aikin mutum cikin babban aiki sai wani ya duba ya sa hannu, kuma kowane mataki ana adana shi da kwanan wata da bayanin abin da aka canza, don a iya komawa baya. Abin da na iya ba yaron ke nan, tun da ban san kiɗa ba. Na ce ya rufe kwamfutar kwana biyu cur. Ya yi gardama, saura kwana shida biki, na ce ai kwana ukun da ya yi yana aiki baya suka mai da shi. Ranar da ya dawo, muka tura na uku cikin waya, muka fita tsakar gida, ya saurara sau ɗaya tak da takarda a hannu, ba allo a gabansa. Wannan na rashin allo yana da muhimmanci, don mai kallon layukan sauti da ido yake ji. Ya rubuta abu biyar. Muka yi yarjejeniya cewa biyar ɗin nan kawai zai taɓa, da murya ƙasa-ƙasa yadda zai iya jin mai magana a gefensa, kuma duk minti arba'in ya tashi ya sha iska. Ya kuma daina haɗa ƙirƙira da tacewa a zama guda, wanda shi ne babban abin da ke cinye masa dare: yana cikin neman karin sarewa sai ya tsaya gyaran kaifin tafi, kafin ya dawo karin ya gudu.

Saura kunnen waje. Muka hau mota zuwa Argungu ana jibi biki, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, muna jin kiɗan a lasifikar direba da ta fashe a gefe ɗaya. A can akwai wani dattijo, abokin mahaifinmu, wanda ya yi amshi a ƙuruciyarsa kafin ya koma noman shinkafa a fadama. Muka gaisa, aka kawo fura, yaron ya kunna masa a waya yana sunkuyar da kai. Dattijon bai ce komai ba a kan sarewa ko tafi. Ya saurara har ƙarshe, ya ce a mayar. Da aka kai tsakiya ya ɗaga hannu.

"Ɗana, kiɗin ga ya yi. Amma ina wurin da mata ka shiga?"

Yaron ya ce, "Baba, ban gane ba."

Ya ce kiɗan tun daga farko har ƙarshe a cike yake, ba inda ya sassauta ya buɗe ƙofa. A fagen biki, in ji shi, makaɗi kan ja baya kaɗan, ya bar ganga ita kaɗai, a nan ne mai guɗa ke samun wuri, a nan ne ƙawayen amarya ke kallon juna su miƙe. Mu biyu mun ji wannan kiɗa, shi sau dubbai, ni sau da dama, ba wanda ya lura, saboda ba wanda a cikinmu ya ji shi a matsayin mai shirin tashi rawa.

A daren nan, a ɗakin baƙi, ya zare komai daga wasu daƙiƙa 16 na tsakiya ya bar ganga da tafi. Aikin minti goma ne. Ya so ya ci gaba da taɓe-taɓe, na karɓe cajar na sa a aljihu.

Ranar biki DJ ya sa kiɗan bayan la'asar, a lasifika biyu manya da aka jingina da bangon makaranta. Janareta na ruri a bayan rumfa, ya haɗiye ƙararrawar da yaron ya kwana biyu yana daidaitawa, ko alamarta ban ji ba. Da aka zo wurin da ganga ta rage ita kaɗai, wata gwaggon ango ta rangaɗa guɗa, 'yan mata suka shigo fili. DJ ya maimaita shi sau uku kafin magariba. Yaron yana tsaye can nesa kusa da masu sayar da ruwan leda, ya toshe kunne ɗaya da yatsa, yana gaya mini wai tafin ya yi kaifi da yawa, in mun koma gida zai gyara.